Abin da Ya Faɗa Ƙarƙashin Injin Yankan Ƙarfe

Ku samarin nan da kuke tsayawa a bakin shagonmu hannu a aljihu, ina jin abin da kuke cewa. Wai Baba Haladu ya huta, maɓalli ɗaya yake dannawa, inji ya yi masa aiki. Jiya ma wani a cikinku ya ce in an ba shi sati biyu zai iya. To, madalla. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Tunda kun ƙi tambaya, ni zan gaya muku ba tare da an tambaye ni ba, kuma ku yi haƙuri da ni, ban iya zama wuri ɗaya in jera labari tiryan-tiryan ba.

Aikin farko da aka fara ba ni a harkar ƙarfe shi ne riƙo. A Kaduna ne, wurin maigidana Malam Ɗanbaba, ina da shekara sha huɗu ko sha biyar. Sai ya haɗa bakin ƙarfe biyu ya ce, "Riƙe, ka kau da kai." Ni kuwa da ƙuruciya sai in saci kallon hasken waldar, don shuɗin nan yana burge ni. Washegari in tashi ido kamar an zuba mini yashi, ina ta hawaye, matarsa ta yanka dankalin turawa ta ɗora mini. Shekara biyu ina riƙo kafin ya yarda na kama sandar walda. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: guduma, kurfin da ake sare ƙarfe da shi, zarto, magagari, da alli. In mutum yana son fure a jikin ƙofarsa, sai a zana da alli a kan farantin ƙarfe, a bi layin da kurfi ana sara, sannan a zauna da magagari ana goge bakin har ya daina yankan yatsa. Fure ɗaya, yini guda. Malam bai taɓa dukana ba, amma yana da wata magana da ta fi bulala ciwo. Ya dubi aikinka ya ce, "Wa zai saya?" ya yi gaba abinsa.

Na zo Abuja lokacin da ko'ina ka duba rodi ne a tsaye. Na kama rumfa a layin masu walda da ke bayan Deidei, ina yin ƙofofin gida da ƙarafan taga. Mutanen garin nan ba su san a jira ba. Kowa aiko shi aka yi, kowa ogansa zai dawo gobe, kowa so yake ƙofarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo. Na yi musu, kuma na yi suna. Daga Kubwa har Gwarimfa, in ka ga ƙofa mai ɗawisu biyu suna fuskantar juna, to hannuna ne. Ban ce na fi kowa ba, amma an san ni, kuma a masallacin layinmu wurina a sahun gaba yake.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Wata Hajiya ta tsayar da mota a gaban rumfata, ko fitowa ba ta yi ba, ta miƙo mini waya ta taga. Hoton ƙofa ne, zanen jikinta siriri kamar leshin mata, ganye a cikin ganye. Na ce zan yi, amma sai wata biyu. Ta yi dariya, ta ce akwai inda za a yi mata a kwana uku da kwamfuta. Na ce a raina ƙarya ce. Ashe ni ne ban san garin ya waye ba. Kafin damina ta faɗi, duk mai zuwa da irin wannan hoton yake zuwa. Waɗanda ke aiki a ƙarƙashina suka watse, wani ya koma acaɓa, wani ya koma tallan ruwa a bakin titi. Ina buɗe rumfa da safe in share ƙasar da babu datti a kanta, in zauna, in tashi, in zagaya layin, in dawo, in sake jera gudumomi. Zama ya gagara, tafiya gida ma ta gagara, don ban san abin da zan ce wa iyali ba. Na ji tsoro a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ana haka wani Bayarabe, Oga Tunde, ya kama babban shago a ƙarshen layinmu ya kawo injin leza. Injin yana yanka faranti, amma ba ya walda, ba ya haɗa firam, ba ya rataya ƙofa. Ya aiko yana neman tsohon hannu. Na yi kwana uku ina fushi da aiken, a rana ta huɗu na ɗauki gilashin waldata na tafi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

A can na tarar da Rifkatu. Bagwariya ce 'yar Ushafa, Kirista, mahaifiyarta maginiyar tukwane, ita kuma ta yi karatun injiniya. Ita ce a kan injin. A haife na haife ta, amma duk abin da kuka ga ina yi yau, a hannunta na koya. Ranar farko na tsaya daga nesa ina hararar injin. Tsawonsa ya kai ƙaramin ɗaki. Gadonsa jerin haƙoran ƙarfe ne a tsaye, a kansu ake shimfiɗa faranti. Akwai kai da ke yawo a sama, yana fitar da haske siriri kamar allura, yana bin zanen da aka sa masa a kwamfuta. A ƙarƙashin haƙoran kuma akwai dogon tire, inda duk abin da aka yanke ke faɗawa.

Ta ce, "Baba, zo kusa mana, ba ya cizo. Injin nan bai da hankali fa. Abin da ka gaya masa shi zai yi, ko da wauta ne."

Na ce ni walda aka ɗauke ni in yi. Ta ce to. Amma ƙafata ta ƙi zama. Ina gama haɗa firam sai in tsinci kaina a bayanta ina leƙen allon kwamfutar. Bayan sati biyu ta ja kujera ta ce in zauna. Ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda suke kira mawus, sai da na fasa biyu, don hannun da ya saba da guduma bai san a taɓa a hankali ba. Masu walda na layin suka sa ni a gaba, wai Haladu ya shiga aji ɗaya da furfurarsa. Na ce gemu ba ya hana ilimi, amma a zuci haushi nake ji.

Aikin farko da na zana da hannuna na wata mai kifi ne daga Kado. Allon shago take so, da hoton tarwaɗa a jiki. Na yi kwana biyu ina zana tarwaɗar nan, da gashin bakinta, da idonta zagayayye. Rifkatu ta duba, na ga ta danne dariya, ta ce, "Ka gama? Oya, danna." Na danna. Injin ya zagaye idon tsaf, sai na ji ƙaran! Idon gaba ɗaya ya faɗa tire, ya bar rami. Ta riƙe ciki tana cewa, "Baba, kifinka ya makance!" Ranar ta koya mini abin da suke kira gada. Duk abin da haske ya zagaye, faɗuwa zai yi, sai in ka bar masa ɗan siririn ƙarfe da zai riƙe shi da sauran farantin. Da kurfi ban taɓa buƙatar a gaya mini wannan ba, don hannu yana jin ƙarfe ya fara sakuwa sai ya tsaya da kansa. Inji ba ya tsayawa.

Kuma ba shi ke nan ba. Ana yanka na ciki kafin na waje, in ba haka ba farantin ya goce. In ka tara yanka a kusurwa ɗaya, zafi ya lanƙwasa maka ƙarfe kamar ganyen da rana ta buga. Akwai ɗan gilashi a cikin kan injin, in ƙura ko tururin mai ya taɓa shi, hasken ya daina ratsawa, ka zo ɗaga aiki ka tarar rabinsa bai yanku ba. In an ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, kafin a tayar da janareta dole ka san daidai inda kan ya tsaya. Mai gini ya ba ka awo da inci, kwamfuta tana lissafi da milimita, in ka yi sakaci ka yanka ƙofar da ko akuya ba za ta wuce ba. Wannan ma na yi shi. Shekara uku ina koyon waɗannan abubuwa, kuma duk kuskuren da na yi a cikinsu ƙarfe kawai ya ɓata. Wanda zan gaya muku yanzu, mutum ya kusa ɓatawa.

Kwamitin wani sabon masallaci da ake ginawa a bayan layinmu suka zo wurina, ba wurin Oga Tunde ba, don ni suka sani. Tagogi takwas suke so na ƙarfe, kowace da sunayen Allah a yanke a jiki, yadda in rana ta fito hasken zai ratso ta cikin rubutun ya sauka a kan darduma. Limaminsu, Malam Sani, ya sa wani mai kyakkyawan hannu ya rubuta a takarda. Na kawo wa Rifkatu ta shigar da shi kwamfuta. Ita ba ta karanta Larabci, saboda haka na zauna kusa da ita yini biyu ina nuna mata inda za a sa gada ba tare da an ɓata harafi ba. Da muka gama ta juyo ta dube ni.

"Baba, wannan aikin addininku ne. Akwai wani abu da zan kiyaye? Gaya mini yanzu, ba na son matsala."

Na ce, "Babu komai, 'yata. Ke dai danna, sauran ki bar mini."

Ga abin da na sani tun ina yaro, wanda kowane mai walda Musulmi da ya tashi a hannun na gari ya sani. In Malam Ɗanbaba zai sare sunan Allah a ƙarfe, sai ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu mai tsabta a ƙasa. Duk harafin da ya fita, a tafin hannunsa yake tarbe shi, ya ajiye a kwano. In an gama, ya kai kwanon maƙera a narkar da su har siffar rubutu ta ɓace. Ba a zubar da su, ba a haɗa su da gwangwan, wato tarkacen ƙarfen da ake sayarwa, ba a bari ƙafa ta taka. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Hannu ne ke tunawa, saboda harafin a hannunka yake faɗowa.

Ranar Alhamis da safe muka ɗora faranti. Abin da zai ci mini wata uku da kurfi, injin ya gama kafin azahar. Murna ta ɗebe ni. Na yi alwala, na ɗaga tagogin ɗaya bayan ɗaya, na lulluɓe su da sabon yadi, na kai su rumfar mai fenti da ke tsallaken layi, ina ta ɗaga su a rana ina nuna wa mutane. Abin da ke sama na girmama shi. Abin da ya faɗa ƙasa, cikin tire, inda ido ba ya gani, wallahi ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Ranar Alhamis kuwa ita ce ranar kwashe tire. Da yamma Rifkatu ta ja shi kamar kullum, ta juye a kan tarin guntayen da ke bayan shago, a bakin kwata. Aka yi ruwa kafin gari ya waye.

Da hantsin Juma'a ina rumfar mai fenti sai ga Sahabi, wani mutumin Zamfara da ke tura kura yana sayen guntayen ƙarfe. Mutumin kirki ne, shekara da shekaru muna gaisawa. Ya zo yana haki, da wani guntu a hannu ya naɗe shi da hularsa.

"Baba Haladu, duba abin da nig gani cikin kwata. Wallahi jikina rawa shikai. Wa ya yi wanga aiki?"

Na duba. Sunan Allah ne, kusan cikakke, da taɓo a jikinsa. Kafin ya iso wurina ya riga ya nuna wa mai shayi da waɗanda ke zaune a bencinsa. Ba da mugunta ya yi ba, ruɗewa ya yi. Amma magana in ta fita ba ta dawowa. Kafin in tsallaka layin, mutane sun fi talatin a bayan shagonmu da bakin ƙofarsa, wasu na tsintar guntaye a cikin ruwan kwata suna salati, wasu na kiran wasu a waya. 'Yan acaɓa suka fara tsayawa. Oga Tunde yana Legas, ya tafi sayo kayan inji. Rifkatu kaɗai ce a ciki, ta sauko da ƙofar shagon mai naɗewa ta rufe rabi, ina hango ƙafafunta.

Wani dogo da ban taɓa gani a layin ba ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya zubar? A gaya mana wanda ya zubar!"

Ina tsaye a tsakiyarsu. Na san amsar, babu wanda ya kai ni sani. Amma sai na tuna sunana, na tuna wurina a sahun gaba, na tuna yadda jiya-jiyan nan nake ɗaga tagogi ana ce mini sannu Malam Haladu. Na ce a raina bari liman ya zo, bari su huce, bari in ga yadda abin zai kaya. Na yi shiru. Ban san tsawon shirun ba, amma ya isa wani ya cike shi.

"Ai waccan Kiristar ce ke share injin. Da idona na gan ta jiya tana juyewa."

Ban taɓa jin taro ya canza murya irin na ranar ba. Wani ya jefi rufin kwano da dutse. Wani ya fara jijjiga ƙofar. Ta gefen ƙofar na ga fuskarta. Ba ihu take yi ba, ba kuka take yi ba, ni take kallo. Sau ɗaya ta kira sunana, a hankali, kamar tana tambaya.

Sai a lokacin ƙafata ta motsa. Na ratsa su na tsaya a bakin ƙofar, na juya musu fuska na ce, "Ni ne. Ni na karɓi aikin, ni na san abin da aka rubuta. Yarinyar nan ba ta san harafi ɗaya na Larabci ba. Ta tambaye ni ko akwai abin da za ta kiyaye, na ce mata babu. In akwai wanda za a jefa, ga ni."

Dogon ya ce ƙarya nake yi don in kare ta. Na rantse. Waɗanda suka san ni suka fara ja da baya suna kallona, kallon da har yau ban manta ba. Ana cikin haka Malam Sani ya iso, wani ya ɗauko shi a babur. Ƙaramin mutum ne, muryarsa ma ba ta da ƙarfi, amma ya saurari Sahabi, ya saurare ni, sannan ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, wanda ya manta kuma ya nemi gafarar Ubangijinsa. Ya ce abin da ya wajaba yanzu shi ne a tsince sunan Allah daga ƙasa, ba a tsaya ana neman wanda za a daka ba.

Dogon bai haƙura ba. Ya ce, "Ta yaya za mu san an tsince duka? Ruwa ya ja wasu, wasu suna cikin kurar mai gwangwan. Gobe a narka su a yi abin da ba a sani ba."

Wannan tambaya ta sake tayar da mutane. Daga bayan ƙofa Rifkatu ta yi magana.

"Malam, injin ya san adadi. Ɗari da tamanin da shida ne. Kowane ɗaya yana da raminsa a jikin taga. A kawo tagogin, a mayar da kowane a wurinsa. In rami ya rage, kun san saura."

Malam Sani ya ce a yi haka. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakiyar layi, aka kwantar da tagogin takwas a kai. Waɗanda ke da alwala suka durƙusa, aka kawo bokitin ruwa ana wanke guntayen ɗaya bayan ɗaya. Sai dai guntayen sun yi kama da juna, gadojin da muka sa sun rarraba haruffan, babu wanda ya san wanne ne na ina. Ita kaɗai ta sani. Liman da kansa ya je bakin ƙofa ya ce ta fito, babu mai taɓa ta. Ta fito da kwamfutarta a hannu ɗaya. Ba ta taɓa ko guntu ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce mata kada ta taɓa, ita ta san inda take. Ta ɗauki sandar walda tana nuni daga tsaye: wannan taga ta uku, layi na biyu, wancan juya shi, a kife yake. Mutanen da ɗazu suke jijjiga mata ƙofa, yanzu suna durƙushe a gabanta suna cewa, "Nan? Ko nan?"

Sahabi ya juye kurarsa gaba ɗaya, aka sami goma sha ɗaya a ciki. Saura huɗu. Na naɗe wando na shiga kwatar da kaina, ina lalube da hannu cikin baƙin ruwa har gwiwar hannu. Na sami uku a maƙale a bakin wani bututu. Na ƙarshen, dogon nan ne ya tsinto shi a ƙarƙashin wata tsohuwar taya, ya wanke, ya sa shi a raminsa, ya shige daidai. Ya karkaɗe gwiwarsa ya tafi. Ana fara kiran sallar Juma'a na kunna wutar gas na narkar da su duka a gaban liman, suka zama dunƙule ɗaya, ya naɗe a ƙyalle ya tafi da shi.

Da na dawo daga masallaci na tarar da ita zaune a kan buhun yashi a cikin shago, ba ta kunna komai ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman ta inda zan fara. Na ce Allah Ya kiyaye, na ce tsautsayi ne, na ce ai komai ya wuce.

Ta ce, "Baba, na ji ka ce kai ne. Na gode."

Na ce ai dole ne.

Ta ce, "Amma kafin nan ka yi shiru. Shi ma na ji."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban Malam Ɗanbaba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, kuma na yarda har cikin zuciyarta ta faɗi haka, don ba ta iya ƙarya ba.

Ranar Litinin ta zo aiki kamar kullum. Mutanen layi suka riƙa gaishe ta fiye da da, mai shayi har aiko mata da shayi yake yi. Amma na lura ta daina zama da bayanta a ƙofa, ta juya teburin yadda za ta riƙa ganin titi. In babur ya tsaya da ƙarfi sai ta ɗago kai. Da Oga Tunde ya dawo ta gaya masa za ta tafi, ta sami wani wuri a Gwagwalada kusa da 'yan'uwanta. Ya roƙe ta, ya ce wa zai riƙe injin. Ta ce ya ba ta wata uku.

Wata ukun nan a kaina ta ƙarar da su. Duk abin da ya rage ba ta koya mini ba, ta koya mini: yadda ake canza gilashin kai, yadda ake daidaita haske da kaurin faranti, yadda ake jera zane don kada ƙarfe ya tafi a banza, abin da za a yi in kwamfuta ta ƙi magana da inji. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma sake ce mini kifina ya makance ba, ko da na yi kuskuren da ya fi wancan ban dariya. Na so a ce ta tsokane ni ko sau ɗaya.

Ranar da za ta tafi ta miƙo mini makullin injin da wata 'yar takarda da ta rubuta lambar buɗe kwamfuta. Ta ce, "Baba, yanzu ka iya. Ka riƙe shi da kyau." Na raka ta bakin titi ta hau mota.

Shekara huɗu ke nan. Muna gaisawa a waya da salla da Kirsimeti, in wani abu ya cije mini a injin na kira ta takan gaya mini yadda zan yi. Na sha ce mata ta zo ta ga tagogin nan da safe, lokacin da rana ke ratsowa. Takan ce to, wata rana. Ba ta sake tako layinmu ba.